Itacen da Ba a Ɗaure Ba

Cikin duk ranakun da na yi a wannan aiki, akwai wata Talata da har yau ba ta bar raina ba. Ita ce ranar da muka sauka daga mota a bakin ƙoramar Maikalgo, can bayan Nahuce a ƙasar Bungudu, muka tarar da ita fayau kamar an bi ta da tsintsiya. Kwana tara kafin nan, itace cikin tifa guda muka shimfiɗa mata. Ko ƙirare ba a rage mana ba. Sababbin ma'aikatanmu suna yawan tambayata abin da ya sa ba a fita da motar aiki sai da damin kaba a bayanta. To ga dalilin, zan ɗauko muku shi daga tushe.

Bari in fara da yadda muke, saboda wanda bai san ofishinmu na Gusau ba. A sama akwai Darakta, shi ke cewa a yi ko a bari. Ƙarƙashinsa akwai injiniya, mai awo da zana inda kowane abu zai zauna. Sai malaman gona, masu magana da manoma. Can ƙasa kuma sai irina, mai wayar da kan mata. Aikina shi ne in shiga gidajen da namiji ba ya shiga, in zauna a tabarma, in faɗi abin da aka aiko ni da shi, in kawo abin da na ji. An ɗauke ni ne don na yi makarantar yaƙi da jahilci bayan na yaye ɗana na huɗu, ina iya cike fom, lambata kuma ba ta karkacewa. Shi ya sa ma aka ƙara mini da riƙon gwangwanin jan fenti. Duk gungumen da za a sa a ƙorama ni ke rubuta masa lamba in shigar a littafi, don in ruwa ya tafi da shi a san daga inda ya taso.

Shi kuwa aikin, in ka faɗa wa mutum da baki sai ya yi dariya: itace muke mayarwa cikin ƙorama. Iyayenmu sun san ƙoramar gona da lanƙwashe-lanƙwashe, ga bishiyoyi a gaɓa, ga kututture nan da can a kwance cikin ruwa. Ruwa in ya zo sai ya yi ta karo da su, ya rage gudu, ya ajiye yashi da ganye, ya sami damar nutsewa cikin ƙasa. Da aka sare na gaɓa aka kwashe na ciki, sai ƙorama ta koma kamar kwata. Ruwan damina ya zo a guje ya wuce a guje, yana haƙa yana cin gonakin mutane, rani na kamawa rijiyoyin lambu su ƙafe. Mu ba madatsa muke ginawa ba, babu siminti babu ƙarfe. Ana jera gumagumai da rassa a gicciye, tsayinsu bai wuce gwiwa ba, jeri bayan jeri har a sauka ƙasa. Ruwa yana bi ta tsakaninsu ya wuce a hankali, yashi ya tsaya a baya. Inda gaɓa ke zubewa kuma a jingina mata manyan kututture su riƙa karɓar dukan. Ba ma sare bishiya mai rai. Sassaben dogon yaro na bakin titi da waɗanda iska ta kayar muke tarawa, kuma tara su ba ƙaramin aiki ba ne.

Shekarar da ta gabaci wannan mun gwada a wata ƙorama wajen Kucheri, a ƙasar Tsafe, abin ya yi kyau har muka riƙa kai baƙi kallo. Abin da ba mu lura da shi ba shi ne, can muna gama zuba itace washegari aka yi ruwan farko, yashi ya binne rabinsa. Mun ɗauka gwanintarmu ce, ashe sa'a ce ta taya mu.

Da wannan zumuɗin muka nufi Maikalgo a tsakiyar bazara. Jagoranmu Injiniya Lawali ne, matashi mai zafin nama, ba ya iya tsayuwa wuri ɗaya in ana aiki. Yana son ƙorama kamar yadda wani ke son dokinsa. Tun daga sama ya bi ta da ƙafa yana awo, har muka iso wata kwana inda ruwa ya ci gaɓa ya yi rami. A kan gaɓar nan akwai wata tsohuwar ɗorawa, rabin saiwoyinta a waje suna lilo kamar yatsu. Ya tsaya ya dube ta, ya ce wannan in ba a tare mata ba, ba za ta ga ƙarshen damina a tsaye ba. Nan ya sa aka jingina mafi girman gumagumanmu, daga lamba goma sha biyar zuwa ashirin.

Abin da ya fi ba shi daɗi shi ne yadda aka watsa itacen. Ya hana a daidaita shi, ya hana a ɗaure. Ya ce haka ƙorama take a halittarta, kuma nauyin gumaguman ya ishe su zama. Har yau ina jin muryarsa yana ce wa leburori:

"Ina son duk wanda ya zo wucewa ya rantse ruwa ne ya kawo shi."

Na ji maganar, wani abu ya taɓa ni a ƙirji, don ni 'yar ƙauye ce, na yi shekaru ina naɗa gammo. Amma na ce a raina, mutum ya yi karatu har ya gaji, ni da gwangwanin fenti ce zan gyara masa? Na yi shiru. Wannan shirun shi ne nawa laifin a labarin nan. An yi taro da maza a ƙofar Maigari, malamin gona ya yi musu bayani, suka ce Allah ya ba da sa'a. Taron mata kuwa, wanda shi ne aikina, aka ɗaga shi zuwa mako na gaba don ana bukatar motar a wani wuri.

To mako na gaban shi ne wannan Talata.

Injiniya ya cire hula ya mayar, ya sauka cikin ƙorama ya hau, ya sake sauka. Ya ce dillalan itace ne suka biyo mu da mota daga Gusau, sai ya kai ƙara. Direbanmu Malam Bawa, dattijo mai barkwanci, ya duƙa yana duban yashi. Babu sawun taya ko ɗaya, sai sawun ƙafafu ƙanana da alamar jan abu mai nauyi, duk sun nufi gari. Ya miƙe yana kaɗe hannu ya ce wa Injiniya, ɓarayin nan nasa dai da zane suke ɗaure, kuma wasu da goyo.

Injiniya ya kira Darakta a waya. Ban ji abin da ake faɗa a can ba, amma na ga fuskarsa tana sauka. Da ya gama ya ce mana an yanke: tifa ɗaya ce ta rage mana a bana, za a kai ta Tsafe inda aka san darajar aiki, Maikalgo kuwa a soke ta daga takarda. Ya faɗi haka yana kallon ɗorawar nan ta kan kwana. Nan ne na yi abin da ya kamata in yi tun kwana tara. Na ce masa ya ba ni zuwa azahar in shiga gari, kada a tayar da mota.

Ban sha wahalar nema ba, hancina ne ya kai ni. Warin kalwa a wuta ba ya ɓuya. Na yi sallama a wani gida mai dangar kara, na tarar da wata tsohuwa siririya tana juya wata ƙatuwar tukunya da muciya. Ita ce Inna Kulu mai daddawa, duk kasuwannin yankin an san ƙullinta. Ta yi mini maraba, ta ce in zauna can nesa da hayaƙi kada in koma birni ina wari miji ya kore ni. Na zauna. Idona ya sauka a murhu. Ga wani gungumen dogon yaro, kansa a wuta, gindinsa a waje, da jan fenti ɓaro-ɓaro: goma sha bakwai. Rubutun hannuna.

Kafin in buɗe baki ta shiga ba ni labari da murna. Ta ce bana Allah ya dube su. Tun da daji ya lalace da 'yan bindiga mata ba sa wuce bakin gonaki neman itace, da kara da kashin shanu ake ta fama. Tuwo yana haƙuri da kara, amma kalwa ba ta san wannan ba, sai ta yini ta kwana a kan wuta mai ƙarfi kafin ta yi laushi. Tana cikin tunanin yadda za ta yi da kalwar bana, sai ga itace har gida.

Na nuna mata lambar, na ce ni na rubuta. Ta leƙa, ta ce hannuna yana da kyau.

Na ce, "Inna, ba ku ga mota ce ta kawo shi ba?"

Ta ce, "Mun gani mana, ɗiyata. Sun zubar sun tahi. Kwana ukku muna kallonai. Ba a ɗaure ba, ba a aza mai dutse ba. Icce in yana da mai shi, ɗaure shi akan yi."

Ga wanda ya tashi a birni, bari in fayyace. A ƙauyukanmu mace in ta tara itace ta kasa ɗauka a ranar, sai ta zagaye shi da kaba ko ɓawon kalgo ta ƙulla. Shi ke nan. Ko wata guda zai yi a wurin, ko wutar gidanki ta mutu, ba za ki zare sanda ɗaya ba, don wannan sata ce, kuma abin kunya ne har ga jikoki. Amma itacen da ke warwatse a cikin ƙorama, wanda ruwa ya kawo ko aka yar, na wadda ta riga ne. Mu kuwa mun ɓata yini guda muna wahalar sa namu ya yi kama da wanda ruwa ya kawo. Matan garin ma sun yi mana kara da suka jira kwana uku.

Na gyara zama na yi mata bayanin aikin a hankali, yadda na yi muku a sama. Tana ji tana juya tukunya. Na ce wannan na murhunta ma yana cikin waɗanda aka jingina don su tare wa ɗorawa ruwa. Muciyar ta tsaya.

"Wace ɗorawa?"

"Ta kan kwana, Inna. Mai saiwa a waje."

Ta ajiye muciya, ta duƙa, ta kama gindin gungumen da hannu biyu ta jawo shi daga wuta, ta kwara masa ruwan tulu, ya yi ta huci. Sai bayan nan ta gaya mini. Ɗorawar tata ce. Da mahaifinsu ya rasu aka raba gado, 'yan uwanta maza suka ɗauki gonar, ita ta roƙa a bar mata bishiyar. Da ita ta riƙe 'ya'ya shida bayan rasuwar mijinta. Shekara uku ke nan duk damina tana zuwa ta auna da ƙafa abin da ya rage tsakanin gindinta da rami, bara taku biyar ne, yanzu biyu. Kalwar da ke cikin tukunyar nan ma daga kanta aka sauko da ita.

Ta dubi baƙin kan gungumen ta ce, "Ashe garkuwar uwa na ƙona don in dahwa ɗiyanta."

Na gaya mata gaskiya, cewa an riga an soke garinsu, sauran itacen Tsafe za a kai. Ta ɗaura ɗankwali ta ce in taya ta aza wannan a ka. Na ce ya yi mata nauyi. Ta ce da ta kawo shi ba ni na taya ta ba.

'Yan uwana, abin da na gani bayan nan ban taɓa ganin irinsa ba. Inna Kulu tana tafe da gungume mai hayaƙi a ka, tana tsayawa a kowace ƙofa tana kiran matar gida da sunanta, ta faɗi magana biyu ta wuce. Kafin mu kai bakin gari na waiga, sai ga layin mata a bayanmu. Wata da reshe a ka, wasu biyu sun ɗauki gungume ɗaya, wata ta riga ta faskare nata ta zubo shi a kwando, tana tafe tana ba da haƙuri. Don murna na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Malam Bawa ne ya fara hango mu daga kan mota. Ya ce wa Injiniya ya tashi ya gyara hula, ga ɓarayinsa nan sun kawo kansu.

Abin da ya dawo bai kai rabi ba, sauran ya zama toka. Maigari ya iso yana salati, ya ce shi ai ya yi wa maza bayani. Inna Kulu ta gaishe shi da ladabi har ƙasa, sannan ta roƙe shi ya tambayi uwargidansa da wane icce aka tuƙa masa tuwo a makon nan. Mazan da ke wurin kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Duk sun ji bayani a taro, amma babu wanda ya taɓa tambayar matarsa inda take samo itace, balle ya haɗa wannan da wancan.

Injiniya ya so ya yi faɗa, amma Inna ba ta ba shi fili ba. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce wannan ai sa'an jikanta ne, saboda haka angonta ne, kuma ango ba ya ɗaga wa amarya murya a gaban mutane. Ta ja shi har kwana. Ta ce masa ko da ba su ɗiba ba, busasshen icce da aka ajiye bisa yashi, ruwan Maikalgo na fari zai ɗauke shi kamar tsinke, don ita ta san fushin ƙoramar nan tun tana yarinya. In yana son ya zauna sai ya kafa masa turaku, kuma turakun su zama ɗanyen cediya da dashi, irin da suke danga da su. Ɗanye ba mai sa shi a murhu, gara ba ta cinsa, kuma in ya ji damshi sai ya tsiro. Injiniya ya tsaya yana kallonta. Ya ce wannan dabarar tana cikin littattafansu, bishiyar da za ta yi a nan ce bai sani ba. Ta ce to ga amarya ta gaya masa, saura kayan lefe.

Ya sake kiran Darakta. Na ji yana ta "Ranka ya daɗe, a'a, ranka ya daɗe", sai kawai ya miƙo mini wayar. Shekarata uku a ofishin, gaisuwa kaɗai ke haɗa ni da Darakta. Na karɓa na ce:

"Ranka ya daɗe, ba sata aka yi mana ba. Mu ne ba mu ɗaure ba."

Ya ce in yi masa bayani, na yi. Sannan ya tambaya wa zai tsaya a kan cewa ba za a sake ba. Na ce ni. Ya ce to a kai tifar Maikalgo, amma shi da kansa zai zo bayan mako biyu da littafina a hannu, in lamba ɗaya ta ɓace maganar ta mutu, kuma ni zan rubuta rahoton da hannuna.

Kwana huɗu muka yi muna aikin, kullum mu iso da hantsi mu bar wurin kafin la'asar saboda hanya. Maza suka saro turakun cediya da dashi daga dangoginsu, suka kafa su layi biyu a gicciye da guduma. Aka jera gumagumai a tsakani, aka cusa rassa. Jeri goma sha ɗaya muka yi, ban da na kan kwana. Kowane jeri aka ba wa matan gida ɗaya. Su suka zo da kaba, kowacce ta zagaye nata ta yi irin ƙullinta, wasu har da ƙyallen tsohon zane don a gane daga nesa. Ku lura, kabar nan ba ita ke riƙe itacen ba, turaku ne ke riƙewa. Ita aikinta ta gaya wa mai wucewa cewa wannan yana da mai shi.

An ɗan yi gardama a kan abu ɗaya. Wata mata ta tambaya, in ruwa ya kawo nasa itacen ya maƙale a jikin jeri, na wa ne? Injiniya yana so ya zauna, don shi ne ke ƙara wa jeri ƙarfi. Matan suna ganin wannan ai hakkinsu ne tun kaka da kakanni. Inna Kulu ce ta raba: abin da ya jingina da dami na mai dami ne, mai dami kuwa ta yi alkawarin ba za ta taɓa ba sai kaka ta wuce. Shi kuma Injiniya ya yi abin da ya burge ni. Duk ƙananan rassan da suka rage ya sa aka tara su a kan tudu nesa da ƙorama, ya ce kowa ya shaida wannan bai ɗaure ba. Kafin mu tayar da mota wurin ya koma fili.

Na kan kwana Inna Kulu ce ta ɗaure da hannunta. Lamba goma sha bakwai, da baƙin kansa, ta sa aka ajiye shi daidai ƙarƙashin saiwoyin.

Darakta ya zo ranar da ya ce. Ya bi ƙorama da takalminsa mai kyau yana kiran lamba ina nunawa. Babu wadda ta ɓace. Da ya iso goma sha bakwai ya tambayi abin da ya ƙona ta, Malam Bawa ya ce ta ɗan je hutu ne gidan amaryar Injiniya.

Sai jiran ruwa, kuma a shekarar ya yi nawa. Hadari ya haɗu ya watse, ya haɗu ya watse. Duk mako ina zuwa in ƙirga. Na san matan nan sun koma kara da kashin shanu, ga itace busasshe a gaban idonsu, amma ko ɓawo ba a ɓantara ba. Inna Kulu ta ajiye sauran kalwarta ba ta dafa ba.

Ranar da ƙorama ta kawo, Allah ya sa muna wurin. An yi ruwa mai ƙarfi can sama da safe, mu a nan yayyafi kawai muka samu. Ina cikin ƙirga jeri na uku sai na ji wani ruri daga nesa kamar tifa tana hawan tudu. Wani manomi ya ɗaga mini hannu ya ce in fito maza. Ina hawa gaɓa sai ga kan ruwan, ja wur, da kumfa da kara da tsumma a bakinsa. Ya daki jeri na farko ya yi tsalle, ya tsaya kamar yana tunani, ya cika bayansa, sannan ya tsiyaya ta tsakani ya haura ta sama. Na biyu haka, na uku haka. Gari duk ya fito. Muna bin ruwan ta gaɓa da gudu, maza da mata, ni da ban yi gudu ba tun ina budurwa, takalmina ɗaya a hannu. Kowace mata tana tsayawa a kan jerinta tana nuna wa 'yan uwa cewa nata bai motsa ba.

Na bakwai ne ya ba mu kunya. A nan akwai dutse a ƙasa, turakun ba su shiga sosai ba. Muna kallo ya karkace, ya buɗe, gumaguman suka taso suka yi gaba. Injiniya ya dafe kai. Suka je suka daki na takwas, ya girgiza, ya riƙe su. Matar da ke da na takwas ta juya ta ce wa mai na bakwai, ta dai ji hukuncin Inna, abin da ya jingina da dami na mai dami ne.

A kwana muka tarar da Inna Kulu tsaye a gindin ɗorawarta, ta dafa ta da hannu ɗaya. Da ƙyar na jawo ta baya. Ruwan ya iso, ko da yake ya rage fushi, har yanzu yana da ƙarfin kayar da gini. Ya daki gumaguman ya rufe su, ba ma ganin komai sai kan turaku da ƙyallen zanen Inna yana kaɗawa. Wani ɓangaren gaɓa can gaba ya rufta da ƙara. Inna ta kama hannuna ta matse har na ji zafi, bakinta yana motsi da addu'a. Can sai Injiniya ya nuna da yatsa: igiyar ruwan ta bar jikin gaɓa ta koma tsakiya, a gindin saiwoyin kuwa ruwan juyawa kawai yake yi a hankali kamar kunu a ƙwarya.

Mun fi awa biyu a tsaye, Malam Bawa yana ta tuna mana da hanya. Da ruwan ya janye, ramin da ke ƙarƙashin ɗorawa ya cika da sabon yashi har ƙwauri, ƙananan saiwoyin sun shige ciki. Goma sha bakwai ya nutse, lambar kaɗai ke leƙowa. Inna Kulu ta sauka ta auna da ƙafa yadda ta saba. Taku biyu ne, kamar yadda ta bari. Ta sake aunawa. Sannan ta zauna a kan jiƙaƙƙen yashin ta rufe fuska da gefen mayafi. Matan suka saki guɗa, Injiniya kuwa ya juya baya yana goge gilashinsa, ya daɗe yana gogewa.

An gyara na bakwai bayan kwana biyu. Kafin kaka turakun sun yi ganye. Da rani ya kama, in ka tona yashin bayan jeri zuwa gwiwar hannu sai ruwa ya taru, mata suka yi 'yan lambunan albasa da yakuwa a gaɓa. Ɗorawa ta yi fure ja kamar tuntun hula, ta ba da kalwa, kuma tana nan tsaye har yau.

Tun daga nan aka sauya tsarin aikinmu. Taron mata yanzu shi ke gaba, tifa ba ta tashi sai an yi shi. A fom ɗin kowane wuri Injiniya ya ƙara layi ɗaya a ƙasa: wa zai ɗaure? Abin da na koya shi ne, ƙorama ba ta ruwa kaɗai ba ce, akwai masu shigarta kullum da gammo a hannu, kuma suna da dokarsu tun kafin a haife mu. In ka san gudun ruwa ba ka san wannan dokar ba, murhu kake yi wa dako. Ku kuma ƙananan ma'aikata, in babba ya faɗi magana kuka ji wani abu ya taɓa ku a ƙirji, ku faɗa da ladabi a ranar. Shiruna na yini ɗaya fiye da rabin tifa ya ci mana, kuma saura kaɗan ya ci ɗorawar Inna.

Ranar da aka mayar da ni wani yankin, na je yi wa Inna Kulu sallama. Ta ba ni daddawa cike da ƙwarya, ta ce rabi na angonta ne, kada in cinye. Na tashi zan tafi sai ta ce in dakata. Ta zaro silin kaba daga danga, ta zagaya hannun jakata, ta yi irin ƙullinta. Ta ce in je duk inda za su kai ni, amma duk wanda ya gani ya san ina da masu ni.

Kabar ta bushe ta yi fari, jakar ma ta tsufa. Ban kwance ba.